Malam Chaibou da Hannun Jakar Turai

Kullum da ya idar da sallar asuba, Malam Chaibou baduku yakan bar gidansa a Stains, ya hau bas zuwa Saint-Denis, ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya sauka unguwar Barbès a cikin Paris. Shagonsa bai fi ɗakin girki ba. Da basilla, da almakashi, da kakin zuma, da fatun akuya da ake kawo masa daga Damagaram, shi ke nan dukiyar. Bana, 1988, ido ya fara yi masa gardama, ya ce zai ajiye basilla ya koma gida. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai game da shi, tambaya. Ka kai masa jaka ta yage, maimakon ya duba yagar, sai ya sunsuna ta, ya shafa, ya fara: ta wa ce, me ake sawa ciki, a wace kafaɗa ake rataya ta? Na taɓa ce masa ko ɗan sanda bai kai shi bin diddigi ba. Ya ce matambayi ba ya ɓata, ya ci gaba da sunsune-sunsunensa.

Ban gane amfanin wannan ɗabi'a ba sai a kan jakar Biba, maƙwabciyarmu a Vénissieux, can gefen Lyon. Mahaifiyarta, Turai, ta rasu a Maraɗi, Biba ba ta samu zuwa ba. Ko hoto tsohuwar ba ta bari ba. Abin da ya iso ga Biba kawai wata tsohuwar jakar hannu ce ta fata, wadda mahaifin Biba ya kawo wa Turai tsaraba lokacin yana soja. Sai bututun ruwa ya fashe a benensu, jakar ta jiƙe a kabad, gindinta ya ruɓe. Ranar Biba ta yi kuka har ta ba ni tausayi. Ni na raka ta Paris a jirgin ƙasa, jakar tana kan cinyarta cikin leda.

Bayan doguwar gaisuwa, Malam Chaibou ya kai jakar hanci.

"Goro da turaren wuta," in ji shi. "Ɗiyata, mai wagga jikka tana da rai?"

"Allah ya yi mata rasuwa, Baba. Inna ce. So nike a gyara ta in riƙa hita da ita. Hannun ga ya yi baƙi, ya karkace, a cire shi a sa mini sarƙa irin ta yayi."

Ya daɗe yana murza hannun jakar da yatsa. Ya ce, "Bon. Allah shi jiƙanta. Ki dawo bayan Salla."

Da muka dawo, da kyar na gane jakar. Ya yanke ruɓaɓɓen gindin, ta ɗan gajarce, ya yi mata sabon gindi da jar fatar akuya, ya bi gefe da ɗinki siriri irin na Damagaram. Ciki ya shimfiɗa atamfa. Sarƙar ma ga ta nan tana walƙiya. Amma tsohon hannun nan, baƙi, karkatacce, yana inda yake. Ni kaina na ji haushi, na ce a raina tsufa ya fara taɓa mutumin.

Biba ta ɓata rai. "Baba, ai na ce a cire shi."

"Na ji. In kin ce a cire, yanzu-yanzu sai in cire. Amma ɗauke ta tukuna. A'a, ba da dama ba, da hagu."

Ta ɗauka da hagu. Yatsunta huɗu suka faɗa cikin wasu 'yan ramuka da shekaru suka lotsa a fatar, babban yatsa ya sami gurbinsa a sama. Turai bahaguwa ce. Biba ba ta faɗa masa ba, ita kanta ta manta. Ta tsaya riƙe da jakar, hawaye na zuba, ta ce, "Haka take riƙe ni in za mu kasuwa."

Kai ne, Malam Chaibou, baduku na Damagaram, mai tambaya kafin yanka. Ka san inda za a sa almakashi, ka kuma san inda za a janye shi. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya kai ka gida lafiya, ya bar maka sauran ganinka.

Ku kuma masu sana'a, in an kawo muku tsohon abu, ku tambayi na wa ne kafin ku yanke. Jiya na hangi Biba a tashar bas ta Minguettes, nan unguwarmu. Sarƙar da ta nace a sa tana lilo a banza, jakar tana hannunta na hagu.