Jan Ƙyallen da Aka Aiko wa Ɗaso

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗaki ɗaya da Ɗaso a unguwar Hindawiyya ta Makka. Daga ni har ita ba mai iƙama, wato takardar izinin zama, Hajji muka zo muka zauna. Ƙosai take soyawa a bakin lungu, lokacin Hajji kuma mu tafi Arfa wankin tukwane. Akwai ta da tsiya. In na ƙona miya sai ta ce, "Kabira, wannan ko kyanwar unguwar Kudai sai ta yi istigfari kafin ta lasa."

Burinta ɗaya ne, ta mutu a Makka a binne ta a nan. Na san mahaifinta ne ke riƙe da tsafin gidansu a wani ƙauye bayan Maraɗi, kuma shi ta gudo wa. Ban taɓa tambayar ta fiye da haka ba.

Bara wata mai Umara ta kawo mata saƙo daga gida, kuka da daddawa. Ɗaso tana wajen suya, ni kuwa ina son kaɗa miya. An ɗaure ƙunshin daddawar da jan ƙyalle, ƙulli uku. Na sa haƙori na kwance biyu, sai ga ta ta shigo.

"Saki, 'yar uwa. Saki!"

Tsakar rana ce, an yi wata takwas ba ruwan sama, amma ɗakin ya ɗauki ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ta zauna ta yi mini bayani, muryarta ƙasa-ƙasa. A ɗakin tsafinsu ba a aike da baki, kaya ne ke magana. Farin ƙyalle, an yafe. Tulu a kife, an yi rashi. Jan ƙyalle mai ƙulli uku kuwa, mai ɗakin ya mutu, kuma duk wanda ya kwance shi ya karɓi gadon.

Ta karɓe ƙyallen ta kwance ƙulli na ukun da hannunta, tana kallon bango. "Ni ce Ɗaso. Ni ce, ba ita ba."

Na ce mu ƙone shi, mu je wurin malam. Ta yi ɗan murmushi.

"Biyu naki, ɗaya nawa. In ban je ba, wa kike gani za a bi?"

Bayan kwana uku ta yi ɗawafi, ta miƙa kanta ga 'yan sanda aka sa ta a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ta san wanda aka mayar ta wannan hanya da wuya ya sake ganin Ka'aba. Ta bar mini kaskonta.

Wata huɗu ta yi a ƙauyen. Ƙanenta Lurwanu ne ya kira ni ya ce ta rasu, ba ta taɓa barin salla ba, an yi mata sutura yadda ya kamata. Na yi kuka har na kasa amsa shi. Allah ya jiƙanki, Ɗaso, ba a inda kika roƙa kika kwanta ba, kuma saboda ni ne.

Ya jira na yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, dattawa sun ce in tambaye ki sunan mahaifiyarki."

Na kashe wayar.