Na Ajiye Aiki Don In Ga Teku

Ni dai tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya. A aji biyu na sakandare na gudu daga makaranta. Ba korata aka yi ba, benci ne kawai ya ishe ni. Na yi yaron mota, na yi tallan rake, na yi wankin babur a tashar Jahun. Da aka ba mu jiha, wani kawuna ya kama hannuna ya kai ni Dutse, aka ɗauke ni masinja a wata ma'aikata. Ya ce, "Ga aikin yawo nan na samo maka, tunda ƙafarka ƙaiƙayi take." Yawon kuwa daga ofishin Yallaɓai ne zuwa ofishin akawu, daga ofishin akawu zuwa na Yallaɓai, da fayil a hammata.

Shekara goma na yi a haka. Litinin in tafi Dutse, Juma'a in dawo Jahun wajen iyali. Matata ta fi ni karatu nesa ba kusa ba. Ungozoma ce ta gwamnati, a wani ɗan asibiti a ƙauye ta wajen Miga, kuma ita kaɗai ce mace a wurin. Kullum da safe wani dattijon ɗan acaɓa na unguwarmu yake kai ta, da la'asar ya ɗauko ta.

Ina da aboki, direban gingimari, mai kai riɗi da zoɓo Legas. Shi ya ɓata ni. Duk dawowarsa sai ya zaunar da ni a teburin mai shayi ya yi ta ba ni labarin teku. Wai ruwa ne da ba shi da tsallake, ka duba har idonka ya gaji. Ni kuwa babban ruwan da na taɓa gani fadama ce in ta cika da damina. Ya ce in na shirya kujerar gaba tawa ce, mu sauke kaya a Legas, in ina so in zarce Kwatano in dawo da wata motar.

Ranar da akawunmu ya gaya min cewa wanda ya cika shekara goma zai iya ajiye aiki a ba shi garatuti, ranar na sa shi ya rubuta min takarda. Yallaɓai ya karanta, ya cire tabarau.

"Kai shekararka nawa?"

"Talatin, ranka ya daɗe."

"Ritaya? Ko furfura ɗaya babu a kanka. Za ka yi noma ne?"

"Tafiya zan yi, ranka ya daɗe."

"Ina?"

"Teku."

Dariya ya yi har da tari, sannan ya sa hannu.

Da matata mun gama magana tun kafin nan. Ta ce, "Maigida, ni fa ba zan bar aikina ba." Na ce wa ya ce ki bari? Ke ki yi aikinki, ni in yi tafiyata. Wata biyu in dawo, in huta, in sake fita. Innata za ta dawo gidan ta zauna da yara, hatsi yana nan a rumbu. Ta ce to, Allah ya sa alheri, amma in taho mata da atamfar Kwatano. Komai ya tsaru. Da kuɗin suka fito har babur na saya, don mai ritaya bai kamata a gan shi a ƙasa ba.

To a tsakanin nan ne shari'a ta zo. Ni ma na je taro, na yi kabbara har muryata ta dishe. Ban san abin zai biyo ta ƙofar gidana ba. Aka fara wa'azi a kan mace ta hau bayan namijin da ba muharraminta ba. Babu wanda ya tare matata a hanya, babu wanda ya kawo mana takarda. Dattijon nan ne da kansa ya yi min sallama wata safiya, yana ta murza hularsa a hannu, ya ce in yi haƙuri, a masallaci an fara kallonsa, shi kuma yana da 'ya'ya mata da zai aurar. Mota kuwa ba ta shiga ƙauyen nan sai ranar kasuwa. Kwana uku matata tana gida tana zagaye tsakar gida kamar kazar da za ta yi ƙwai.

A cikin kwanakin ne na je yi wa surukina sallama. Na durƙusa a zaure, muka gaisa, bakina ya ja min. Na ce, "Baba, ai yanzu na ajiye aiki. Ba ni da ogan da zai kira ni, lokacina nawa ne. Ga babur ma na saya."

Tsohon ya ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi. Ka ga ikon Allah? Kwana uku ina addu'a a kan yarinyar nan. Ashe mafitar tana gidanta."

Na buɗe baki in ce Legas. Ya riga ya fara sa min albarka, dattawan da ke zaune suna amin. Wani har ya ce irin wannan suruki sai an tona. Ka taɓa tashi ka ce a'a a tsakiyar albarka? Na shafa tare da su.

Na ce wa abokina ya yi wannan zuwan ba ni, sati biyu ne za a samu wata dabara. Matata ta rubuta takardar neman a dawo da ita cikin gari. Ni na kai ta Dutse da hannuna, kuma na san inda irin takardun nan suke kwana, don shekara goma ni nake jera su. Aka ce sai an samu wata macen da za ta maye gurbinta. Wace mace, kuma wa zai kai ta? Na nemi ƙaninta, yana karatu a Kano. Na ce ta kama ɗaki a ƙauyen, surukina ya ce ba da yawunsa ba, Innata ma ta ce yaran fa? Har cewa na yi ta koyi tuƙa babur ɗin. Ta dube ni ta ce, "A Jahun? Kana so a yi min waƙa?"

Wata rana haushi ya ci ni na ce ta ɗauki hutu ko na wata biyu ne. Muka isa asibitin. Ranar awo ce. Mata sun fi ashirin a gindin darbejiya, wasu a amalanke aka kawo su, wata ta taho a ƙafa da tsohon ciki tun asuba. Ta sauka, ta gyara hijabinta, ta ce, "Je ka gaya musu da bakinka." Suna ganina suka hau gaisuwa, "Sannu mijin malama, Allah ya saka." Wata tsohuwa ta ba ni ƙwan zabi a leda.

Haka na koma. Safe in kai ta, in zauna a benci wajen mai facin taya in jira la'asar, don zuwa da dawowa sau biyu cin mai ne. Mutumin da ya gudu daga makaranta saboda benci. A tasha suka sa min suna mai ritaya. Abokina ya zo karo na biyu, na ce bayan damina. Ya zo na uku, na ce bayan salla. Daga nan bai ƙara tambaya ba, kuma in mun haɗu a wajen mai shayi sai ya yi ta zancen tsadar taya. Na rasa wanda zan yi fushi da shi. Tsohon addu'a ya yi min, matata ba ta yi min ƙarya ba, takardar ajiye aikin kuma ni na ce a rubuta.

Wata safiya muna kan titi kafin mu karya kwanar ƙauyen, sai ga gingimarin ta taho a bayanmu, an lafta mata buhuna an ja tamfol. Abokina ya gane ni, ya danna ham sau uku. A kujerar gaba wani ne zaune, ban san shi ba, ya fito da gwiwar hannu ta taga yana cin gyaɗa. Na ɗaga musu hannu, na daɗe ban sauke ba, har babur ya fara cin gefen kwalta.

Matata ta dafa kafaɗata ta ce, "Maigida, riƙe da hannu biyu. Mun makara."

Na riƙe, na karya kwana.