Kemistiri Iri Biyu

A makarantarmu ta Kano ba a taɓa tambayata abin da nake so in karanta ba. An ce ajin kimiyya za ni, na ɗauki jakata na tafi. Shi ya sa ranar da na fara zuwa ƙaramar kwalejin nan ta unguwar Bronx, a nan ƙasar waje, inda ake shekara biyu kafin a wuce jami'a, na daburce. Matar da ke ba ɗalibai shawara ta juyo mini da kwamfutarta ta ce in zaɓi darussana. In zaɓa? Ni da ko atamfa sai an taya ni zaɓe?

Abu ɗaya na sani: so nake in wuce jami'a in karanta haɗa magunguna. Ta yi bayani mai tsawo da Turancin nan nasu mai gudu. Na dai tsinci cewa wani darasin yana bin mutum zuwa jami'a, wani ba ya bi. Duk inda ta numfasa sai in gyaɗa kai. Da ta ce ko ina da tambaya, na ce babu. A gidanmu babba ba ya gama magana ka ce ya sake.

Gwaggona, wadda nake zaune wurinta a titin Grand Concourse, ita ta raba gardama. Muna jera turare a shagonta na Fordham Road ta ce, "Ke dai kin cika wahalar da kanki. 'Yar maƙwabciyarmu ba can ta gama ba? Abin da ta ɗauka shi za ki ɗauka. Ai da na gaba ake gane zurfin ruwa."

Yarinyar haifaffiyar nan ce, ka yi mata Hausa ta amsa maka da Turanci. Ta faɗa mini darussanta, na bi su tiryan-tiryan, har da kemistiri. Ban tambaye ta inda ta dosa ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.

Na sha wuyar kemistirin nan, ko a cikin jirgin ƙasa mai lamba D hadda nake yi. Na kuma ci, ci mai kyau, har Gwaggo ta soya mana kaza.

Sai da lokacin neman jami'a ya zo na koma wurin matar nan mai ba da shawara. Ta duba, ta cire tabarau, ta dube ni. Ashe kemistiri biyu ne a kwalejin. Wanda na yi na masu aikin jinya ne, irin 'yar maƙwabciya. Na masu haɗa magunguna daban yake, kuma sai na ƙara shekara guda kafin in gama shi. Na ce mata ai littattafan kusan ɗaya ne. Ta ce haka ne, ta ba ni haƙuri. Na fito raina a ɓace, amma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Da yamma na kira Baba a Kano, na faɗa masa sai na ƙara shekara. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, faɗuwa kika yi? Faɗa mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba."

"Wallahi na ci, Baba."

"To waɗanda suka ci ba su ne ke wucewa ba?"

"Su ne."

Ina jin hayaniyar ƙannena a tsakar gida. Can ya rage murya ya ce, "To in mutane suka tambaye ni, me zan ce musu?"