Ƙasar Bashari da Aka Ɗauka Zinare Ce

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kashe ƙanena Bashari a tsakar gidanmu na Kusfa, da rana tsaka, a kan garin dutse.

Ni ban gama sakandare ba, ɗinki nake yi a Ƙofar Doka. Shi ya yi karatun duwatsu a jami'a. Yakan kwaso farin dutse daga wajen Sakkwato, ya daka, ya wanke da rariyar Inna, ya duƙufa a kan madubin ƙara girman abu. Ya taɓa jawo ni na leƙa. Wasu 'yan ƙwanso na gani irin na dodon koɗi, waɗanda ido ba ya kama su. Ya ce halittun teku ne, wai wata masifa ta taɓa faɗo wa duniya ta kusa ƙarar da su, 'yan ƙananan da suka tsira su suka sake cika tekun a hankali. Na ce, "To, da miya ake ci?" Ya yi dariya.

Rufe ƙofa yake yi kada iska ta watsa garin. A unguwarmu kuwa duk mai wanke ƙasa a ɓoye zinare ya samu. Zancen ya tashi daga majalisa ya kai kunnen 'yan daba. Suka shigo da adduna, suka sare hannun da ya kare kwalabensa, suka rotsa masa kai da taɓaryar dakansa. Inna na ihu ƙasa ce. Suka farfasa kwalaben, suka ga ƙasar ce, suka fice. Waɗanda suka yaɗa zancen sun zo gaisuwa, sun ci tuwon sadaka. Har yau sahu ɗaya muke sallah.

Da Bashari zai ga yadda ake yanka juna a ramukan zinare yanzu, cewa zai yi komai yana farfaɗowa. Ni dai ban farfaɗo ba.

Bana 'yarsa Rabi ta samu gurbin irin karatunsa. Ta same ni a shago ta ce, "Baffa, madubin Abbana nake so." Na ce gara in cinna masa wuta da ya sake ci mini wani. Ta ce, "Ka ƙarasa musu aikinsu ke nan."

Abin da ya rage na Bashari bai wuce madubin nan da taurin kan yarinyar ba. Jiya na miƙa mata, da sharaɗi: a ƙofar gida za ta riƙa wanke ƙasarta, gaban majalisar. Wanda ya tambaya me take wankewa, ta danna idonsa a madubin.