Malam Haladu Mai Agogo, Wanda Ba Ya Cikin Rajista

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba da hantsi ina tsugune a shagona na Rogo Sabon Gari ina walda wata ƙofa, sai ƙanen matata ya tsayar da babur, bai ko kashe shi ba, ya ce, "Yaya Sabi'u, Malam Haladu ya cika. Bayan Azahar za a kai shi a Kafin Dafga." Na kashe inji, na cire baƙin tabarau, na zauna a kan ƙofar da nake haɗawa. Hawaye bai zo ba. Haushi ne ya taso mini, kuma ga shi an yi addu'ar bakwai bai kwanta ba.

Ni mutum ne da ban saba cewa wani ya yi mini ba. Na fito sakandare da takardar da ba ta buɗe mini ƙofar kowane ofis ba. Walda da kallo na koye ta, idanuna suka yi wata guda suna zubar ruwa. Kwanon shagon nan da hannuna na ɗora shi. Injinan niƙa uku gare ni, ɗaya a Jajaye, biyu a gari. Na gina gida, na kai mahaifiyata Makka. Ba ni da kawu a gwamnati, ban taɓa durƙusa wa ubangida ba. Kowa ya san haka, don ba na gajiya da faɗa. Amma akwai rana ɗaya da na faɗi wannan magana ta zama ƙarya, kuma mutumin da na yi ƙaryar a gabansa shi muka binne.

Ga wanda bai san shi ba, Malam Haladu mai gyaran agogo ne a kasuwar Karaye. Tebur ɗaya, benci ɗaya, da gilashin nan na ido guda. Bai shiga boko ba, allo ya yi. Agogo, rediyo, keken ɗinki, duk shi ya koya wa kansa ta hanyar kwance na mutane da mayar da su daidai. In ana maganar wanda ya tashi ba da taimakon kowa ba, ya riga ni da shekara ashirin, sai dai shi ban taɓa jin ya faɗa ba.

Wasu shekaru da suka wuce na tsinci wata ƙaramar motar rimot cikin kayan gwanjo a Kano, irin ta tsere, ba ta yara ba. Ba ta tashi. Na kai masa, ya juya ta, ya murza tayar gaba kusa da kunnensa, ya ce, "Injiniya, wannan ba mutuwa ta yi ba, ƙishirwa take ji." Injiniya yake kirana, don tsokana. Daga wannan motar abin ya fara. Wani ya sayo, wani ya sayo, har muka zama ƙungiya. In kaka ta yi aka gama sussuka, sai mu share masussuka, mu jera tsofaffin tayoyi, ranar Asabar bayan La'asar 'yan Karaye su kara da 'yan Rogo. Mutane sun yi mana dariya, magidanta da wasan yara. Daga baya su ne ke rige-rigen wurin tsayawa.

Duk wanda ya riƙe irin motar nan ya san ranta a boris yake. 'Yan ƙananan zobban ƙarfe ne masu juyawa, wani bai kai ƙwayar gyaɗa ba, suna cikin kowace taya da cikin giya. Masussuka kuwa jan yashi ce da ƙaiƙayi. Zagaye goma, sun cika. Malam ne ya koya mana abin yi. Zai sa bakin allura ya ɗaga murfin robar a hankali, ya jefa boris cikin gwangwanin tumatir mai kananzir, ya girgiza, ya zubar, ya sake, har sai kananzir ya fito fari. Ya shanya su a kan farin ƙyalle a rana. Sannan ya soka kowanne a tsinken tsintsiya, ya kaɗa shi da ɗan yatsa, ya kai kunne. In ya ji ƙaras-ƙaras, ya koma gwangwani. In ya sake ji, ya ce, "Wannan ya gama aikinsa, a sallame shi." Wanda ya yi shiru shi zai ɗiga wa man keken ɗinki daga bakin allura. Ɗigo ɗaya. In ka ce ya ƙara, sai ya ce, "Boris ba tuwo ba ne da zai so miya da yawa. Man da ya yi yawa, yashi yake gayyata."

Bai taɓa mallakar mota ba. Rimot ma bai yarda ya riƙe ba. In an miƙa masa sai ya ce, "Ku kun kawo yatsu, ni kunne na kawo." Kowace Asabar zai hau tsohon kekensa daga Kafin Dafga, ya shimfiɗa buhu a gindin ɗorawa, 'yan Karaye da 'yan Rogo su jera masa motoci. Ba ya bambanta na gida da na abokan hamayya. Wani ya taɓa yi masa ƙorafi a kan haka, ya ce, "Ni ban ga an rubuta Rogo a jikin boris ba."

Yanzu ga laifina. Bara waccan aka yi babban tsere a masussukar Jajaye. Ni mai injin niƙa ne, kuma a injin niƙa giris ake ɗurawa har sai ya fito ta gefe. Na ce a raina, me mai agogo zai gaya mini a kan boris? Da safe na kwance motata, na cusa wa kowanne giris na babur, na cika shi tam. A gwajin farko motar ta yi ta jan ciki kamar jakin da aka yi wa lodi. Zagaye uku, tayar gaba ta hagu ta ɗauki zafi ta ƙi juyawa. 'Yan Karaye suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Injiniya, dawa za ka niƙa mana ko tsere za ka yi?"

Malam bai yi dariya ba. Ya miƙo hannu kawai. Na ba shi motar, ya kwance, ya ga baƙin kwaɓin giris da yashi, ya dube ni ta saman gilashi, ya ce, "Ka yi mata liyafa." Daga Azahar har aka kira La'asar yana zaune a kan buhun nan, yana wanke ɓarnata ɗaya bayan ɗaya. Sau huɗu ya canza kananzir. Guda ya mutu, ya ciro wani daga gwangwaninsa ya sa. Abincin da aka kawo masa har ya huce bai taɓa ba. Da aka tashi tsere, na bar na biyu da rabin fili.

Ana cikin ihu, Nazifi, wanda yanzu shi ne ciyaman ɗin ƙungiya, ya ɗora mini waya a fuska yana ɗaukar bidiyo, ya ce, "Oga Sabi'u, gaya wa duniya, wa ya haɗa maka wannan mota?" Na buɗe baki na ce, "Ni ban taɓa neman taimakon kowa ba. Da hannuna na yi komai." Malam yana bayana, yana goge kananzir a hannunsa da tsumma. A cikin bidiyon ma ana ganin hularsa.

Da za mu watse, yana ɗaure buhu a keke, ya ce mini a hankali, "Injiniya, baki ma a riƙa yi masa ɗigo ɗaya." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Asabar ta gaba ya karɓi motata ya gyara kamar ba a yi ba. Ni kuma girman kai ya hana ni komawa gaban jama'a in gyara maganata. Kullum sai in ce sai wani satin.

Bana aka ba mu fili na dindindin, aka ce za a kafa allon ƙarfe mai sunayen waɗanda suka assasa wasan. Ni aka ba aikin waldar. Kwana goma kafin rasuwarsa aka zauna taro, aka karanta sunaye tara, nawa a sama. Na miƙe na ce, "Ina Malam Haladu?" Sakatare ya buɗe littafi ya ce dokar ƙungiya mai mota ake yi wa rajista, Malam kuwa ba shi da mota. Na ce ai ba don shi ba da babu motar da za ta gama zagaye goma a filin nan, har da tawa. Nazifi ya yi murmushi, ya ciro waya, ya kunna mini muryata a gaban kowa. Ya ce, "Oga, wanne za mu ɗauka, na Jajaye ko na yau?" Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba. Na yi niyyar zuwa Kafin Dafga in gaya wa Malam komai in nemi gafara. Aiki ya riƙe ni, ko in ce na bar shi ya riƙe ni.

A wurin jana'iza na ƙirga 'yan ƙungiya. Mu uku ne. Sauran sun tura "Allah ya jiƙansa" a guruf, wasu da hoton hannu biyu. Mutumin da ya yi shekaru yana taka keke zuwa gare su cikin rana, sun kasa hawa babur zuwa gare shi sau ɗaya. Manoman Kafin Dafga da telolin Karaye su suka cika sahu.

Ranar uku, babban ɗansa Musbahu ya kira ni gefe, ya miƙo mini gwangwanin man zafi, ya ce, "Kawu Sabi'u, Baba ya ce amanar mutane ce, a mayar musu." Na buɗe. Boris ne wankakku, kowane kashi a naɗe cikin takarda, a kan kowace takarda sunan mai shi da ajami, don kada na wani ya shiga na wani. Nazifi. Sakatare. Ni. Duk taranmu muna ciki, babu wanda ya manta. A nan ne hawayen da ya ƙi zuwa ranar Laraba ya zo.

Ya Allah ka jiƙan Malam Haladu, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari ka haskaka shi. Haƙurin da ya yi da mu ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba matarsa Inna Hajara juriyar wannan rashi, ka raya Musbahu da ƙannensa a kan tafarkinsa, ka rufa musu asiri duniya da lahira. Ni kuma ka yafe mini abin da na faɗa a Jajaye, tunda shi ya tafi ban roƙe shi ba.

Ga 'yan ƙungiya kuwa, ku ji da kyau. Maganar Jajaye ƙarya ce, ta yau ita ce gaskiya, Nazifi ya zo da wayarsa ya ɗauka. Takardar da kuka ba ni sunaye tara ne, ni goma na yanka, haruffan suna nan jere a shagona. Ranar Asabar sakatare ya buɗe littafinsa ya rubuta a layin farko, sama da nawa: Malam Haladu Mai Agogo, Kafin Dafga. In dokarku ta ce sai mai mota, na ba shi tawa, da ma shi ya tashe ta. In kun ƙi, ku kankare sunana, ku nemi wani mai waldar.