Gammo da Akwatin Maƙeri

Shekara ashirin da bakwai Gammo ya yi yana dako a sito ɗaya, kuma ko kwalin ashana bai taɓa ɓata a hannunsa ba. Ba shi ke faɗa ba, don shi ba mai yawan magana ba ne. Takardu ne ke faɗa. Duk kayan da ya sauke daga mota sai akawun sito ya sa hannu, duk wanda ya kai shago sai mai shago ya sa hannu, shi kuma ya linke takardar ya cusa cikin hula. Manajoji shida suka zo suka wuce, kowanne da dogon jawabinsa ranar kama aiki. Gammo bai riƙe jawabin ko ɗaya ba. Abin da ya riƙe shi ne wanda ya gyara ƙofar sito a cikinsu, kuma mutum ɗaya ne.

Sunan ya samo shi ne daga tsumman da yake naɗewa ya ɗora a ka. Ko bayan da aka kawo baro da amalanke, tsumman na rataye a wuyansa har ranar hutu.

Abin haushi, ba buhu ne ya kayar da shi ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗauki takalmi, ƙugu ya ce ƙas, shi ke nan. Likita ya ce mako takwas a kwance, kada ya ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi.

Kwana huɗu gidan ya jure. Daga kan katifa yake sa ido a kan yadda ake ɗaukar komai.

"Ke, ba haka ake ɗaukar bokiti ba. Durƙusa, ki bar gwiwa ta yi aikin."

"Shekara talatin nake ɗaukar bokitin nan, Malam," in ji matarsa, "kuma ba ni ce a kwance ba."

Rana ta biyar 'yarsu Auta, wadda ke aiki a shagon gyaran waya, ta shigo da tsohuwar kwamfutar cinya ta ɗora masa a kan ciki, ta maƙala masa abin kunne mai makirufo.

"Wasa ne na intanet, Baba. Gari ne guda a ciki, da mutane daga ko'ina, kowa da ɗan mutum-mutuminsa yana yawo da shi. Masu shiga kyauta a bayan ganuwa suke tsayawa. Kai na biya maka wata ɗaya, har cikin gari za ka shiga."

"Aikin me ake yi a garin?"

"Ba aiki ba ne, wasa ne."

"Gari guda ba mai aiki? To wa ke sauke musu kaya?"

Aka zo zaɓen wanda zai zama. Akwai mayaƙi, akwai matsafi, akwai maharbi. Gammo ya nemi ɗan dako, babu. Sai ya sa Auta ta jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wanda ya fi kaurin wuya. A ƙofar gari aka ba shi kyautar sabon mai biya: babbar jaka, takobi, da farin doki. Jakar ya karɓa da murna. Takobin ya cusa shi ciki, don yana rinjayar da mutum gefe guda. Dokin kuwa ya tambaya ko na wa ne, aka ce nasa, ya tambayi takarda, aka ce babu. Ya bar shi nan ya shiga da ƙafa.

A bakin kasuwar garin akwai wani attajiri mai jar hula, da alama mai ruwan ɗorawa tana lilo a saman kansa. Auta ta ce duk mai alamar nan aike yake da shi. Gammo ya matsa.

"Wayyo, jarumi!" in ji attajirin. "Wa zai kai mini akwatin nan wurin maƙeri a ƙetaren gada? Kwana uku yana jira!"

Tun da ƙugu ya kwantar da shi, ranar ce Gammo ya fara murmushi. Ya ɗauki akwatin. Tafiyar da sauran 'yan wasa ke yi a minti biyu bisa doki, shi minti ashirin ta ɗauke shi, don yana kauce wa taɓo, yana bin inuwa, kuma ba ya gudu da kayan da bai san ko mai fashewa ba ne. Maƙerin, wani ƙato mai gemu, ya karɓa.

"Madalla, jarumi! Ga ladanka."

"A ina zai sa hannu?" Gammo ya tambayi Auta.

"Ba a sa hannu, Baba. Ka ga alamar ta ɓace, ai an gama."

Bai ji daɗin wannan ba, amma baƙo ba ya gyara wa gari tsarinsa ranar da ya sauka.

Washegari da safe ya koma kasuwa neman wani aike. Alamar na nan tana lilo a kan attajirin.

"Wayyo, jarumi! Wa zai kai mini akwatin nan wurin maƙeri a ƙetaren gada? Kwana uku yana jira!"

Gammo ya yunƙura zai tashi zaune, ƙugu ya mayar da shi.

"Kwana uku? Kai mai jar hula, jiya-jiyan nan na kai! A gaban 'yata na kai!"

Matarsa ta tsayar da keken ɗinki ta leƙo. "Malam, da wa kake?"

"Mutumin nan ɓarawo yake son ya ce mini. A tsakiyar kasuwa, jama'a na wucewa."

Aka kira Auta a waya. Ta yi bayani iya ƙoƙarinta. Attajirin ba mutum ba ne, na'ura ce. Aiken kullum ne, kowace safiya sabo yake dawowa, kuma kowa haka yake faɗa masa.

"In sabo ne ya ce sabo," in ji Gammo. "Ya ce ga wani akwati. Amma kwana uku ya ce. Kwana ukun nan jiya na ciki, kuma jiya a kaina kayan suke."

"Baba, ba ya jin ka."

"Haka duk masu kaya suke in gardama ta tashi."

Ya sake ɗauka ya kai, ko a ce kuskure ne. Rana ta uku, magana ɗaya. A nan ya ce ruwa ba ya tsami banza, ko dai attajirin na da mantuwa, ko maƙerin na danne kaya. Ya kai akwatin, ya wuni a ƙofar maƙera yana kallo. Akwatuna suna shiga ba iyaka, ba ya ganin inda ake ajiye su. Maƙerin kuwa ƙarfe ɗaya yake duka tun safe, bai zama lauje ba bai zama wuƙa ba. Gammo ya san irinsu. Akwai wani makaniki a bayan sito, shi ma haka yake yi in mai mota na kallo.

Yana nan tsaye wani ɗan wasa ya sauko daga kan baƙin doki, sulke har ido, sunansa a sama da jan rubutu, Kisa-Ba-Tambaya. Muryarsa ta shigo abin kunne, murya ce ta magidanci mai mura.

"Sabon shiga, kwana uku ina ganin ka kana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Zo ka shiga ƙungiyarmu, gobe za mu je kashe dodon kogo."

"Me dodon ya yi muku?"

"Ba komai. Kullum muna kashe shi."

"To shi ma ba a ba ku takarda ke nan." Gammo ya yi ajiyar zuciya. "Ɗan'uwa, kashe-kashe ba sana'ata ba ce. Shaida nake nema. Ka raka ni daga hannun attajiri zuwa hannun maƙeri, ka gani da idonka."

Kisa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma ya raka shi, da ƙafa, yana jan doki. Kwana biyu a jere ya yi shaida. Safiya ta shida attajirin ya ɗaga hannuwa sama ya ce kwana uku maƙeri na jira.

Ranar Gammo bai taɓa abincinsa ba. Matarsa ta ɗauke kwanon ta dawo da shi sau biyu.

"Yanzu Malam, saboda zane kake wannan? Zane mai jar hula?"

"Zanen nan yana faɗa a gaban mutanen ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Wanda ya san ni a sito zai ce ƙarya ne. Su waɗancan me suka sani? Sun ga Gammo ya ɗauki kaya, sun ji mai kaya yana kuka."

A dako akwai ƙa'ida. In mai aike da mai karɓa suka saɓa, ba a sauke kaya a ƙofar kowa. Ɗan dako ya tsaya da su a tsakiya har sai wani mai iko ya zo ya raba gardama. Gammo ya karɓi akwati na shida, ya taka har tsakiyar gada, ya tsaya. Ya cire hannu daga kwamfutar ya harɗe a ƙirji.

Da farko ana wuce shi ta gefe. Wasu suka ɗauka sabon mutumin na'ura ne, suna ta danna shi ko zai ba su aike. Wata maharbiya ta ajiye masa gurasa a gabansa. Sai Kisa ya zo, ya ji dalili, ya ce wallahi wannan ya fi dodo daɗi. Ya karɓo nasa akwatin ya tsaya kusa da shi. 'Yan ƙungiyarsa suka biyo baya. Kafin la'asar ta rana ta biyu gadar ta cika maƙil da mayaƙa da matsafa, kowa da akwati, yawancinsu ba su san me ake jira ba. Dawakai suka yi layi har kasuwa. Ba mai ƙetarawa.

Rana ta uku da hantsi haske ya faɗo daga sama, wani mai farar alkyabba ya bayyana yana shawagi a kan ruwa. Auta, da ta ƙi zuwa shago don ta ga ƙarshen abin, ta dafe baki.

"Baba, ma'aikacin kamfani ne! Za su kore ka!"

"Mai wasa Gammo," in ji mai alkyabba, muryarsa kamar ta wanda bai karya kumallo ba, "koke ya yi mana yawa cewa an tare gada."

"Kai ne manaja?"

"A'a, ma'aikaci ne ni. Mai kula da wasa."

"To gara kai. Sauko ƙasa mu yi magana, ba na iya ɗaga wuya."

Ya sauko. Gammo ya zayyana masa komai, daga ranar farko har shaidar Kisa. Ma'aikacin ya saurara, ana jin ƙarar fankar ofishinsu.

"Baba, ka yi haƙuri. Akwatin nan fa ba komai a cikinsa."

"Ban tambaye ka abin da ke ciki ba. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa buɗe kayan mutum ba."

"Ina nufin haka aka tsara shi. Ba ni da ikon canza maganar attajirin. Wannan sai sashen da ke sama da mu, su kuma sai sun yi taro."

"Na san taro. Bar su. Kai da ka zo, kana da hannu?"

"Ina da shi."

"To sa mini."

Sannan ma'aikacin ya ce zai iya aiko da wasiƙa cikin jakar Gammo da hatimin kamfani, in dai za a buɗe gada. Gammo ya ce ya rubuta yadda zai faɗa masa: an karɓi akwati shida daga hannun Gammo, lafiya lau, ba fashewa, ba jiƙewa, ba a taɓa murfi ba. Ma'aikacin ya rubuta, zai aika.

"Dakata! Shida ka rubuta?"

"Kai ka ce shida, Baba."

"Na shidan yana kaina. Za ka sa hannu a kan kayan da ba su isa ba? Haka ake koya muku aiki? Biyo ni ka gani, sannan ka aika."

Haka aka yi. Gammo a gaba yana kauce wa taɓo, ma'aikacin kamfani a bayansa da ƙafa, alkyabba na jan ƙasa, sai Kisa yana tari, sai mutum wajen ɗari biyu da akwatunansu, ba mai wuce wani. Maƙerin ya ɗago daga ƙarfensa ya ce madalla jarumi. Wasiƙa ta faɗo cikin jaka.

"Allah Ya yi maka albarka," Gammo ya ce wa ma'aikacin. "Je ka ci abinci, muryarka ta nuna."

Auta ta buga takardar a shagonsu ta kawo da yamma. Ya sa ta karanta sau biyu, ya duba hatimin da kansa, ya linke ya cusa cikin hula.

Da safe ya zare abin kunne daga jikin kwamfutar don matarsa ma ta ji, ya taka har bakin kasuwa. Attajirin ya ɗaga hannuwa ya fara wayyo jarumi. Gammo ya zaro takardar, ya warware ta, ya manna ta a fuskar kwamfutar daidai hancin mai jar hula, ya riƙe har mutumin ya kai ƙarshen maganarsa.

"Kin ji dai abin da ya ce?" ya tambayi matarsa.

"Na ji, Malam. Bai canza ko harafi ba."

"To yanzu shi ne maƙaryaci." Ya rufe kwamfutar ya ture ta gefe. "Miƙo mini kwanon nan. Ki durƙusa in za ki ɗauka."