Ja Kudu, Baƙi Arewa

Mahaifina tela ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya kashe ko ƙadangare ba. Bakan da ya shigo da shi gida bara na yayansa ne, maharbi, wanda ya rasu a Bader Goula. Da aka zo rabon kaya kowa ya nufi awaki, shi kuwa ya ce a ba shi baka da kwari. Ba wanda ya yi masa gardama. Inna ta leƙa cikin kwarin, ta ga bakin kiban ya yi baƙi da dafi, ta kwashe su duka ta zuba a salga. Bakan ya zauna jikin ƙusa a ɗakin ɗinki yana tara yanar gizo.

'Yan tsakina ne suka sauko da shi. Lokacin da na gama kolej kakata ta ba ni wata baƙar kaza mai faɗa, ita ce abu na farko da na taɓa mallaka ni kaɗai. Ta ƙyanƙyashe 'ya'ya cike da kwando. Sai shirwa ta gano gidanmu. Da hantsi za ta zo ta yi shawagi, ta sauko kamar an jefo ta, ta tashi da ɗaya yana tsiwa a ƙafarta. Ranar da suka koma saura huɗu na zauna bakin akurki ina kuka. Baba ya tsaya a kaina, metir ɗin awo rataye a wuyansa.

“Uwata, bar kuka. Gidanga akwai baka.”

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Baka dai akwai, kibiya ce babu. Ya fara da sillen karan hatsi, ya ɗaura masa ƙusa a baki. Bakan nan kuwa tauri gare shi, sai Baba ya cije leɓe kafin ya ja tsarkiyar. Da ya saki, karan ya tarwatse a hannunsa, ƙusar ta faɗi kusa da babban yatsan ƙafarsa. Ya ce wannan ta cika laushi. Ya koma ya ciro sandar ƙarfe ta wata tsohuwar laima. Ita kuma ko motsi ba ta so, ta yi ɗan tsalle ta kwanta a gabansa, tsarkiya ta zabge shi a damtse. Ya ce wannan kuma ta cika tauri, ya shiga ɗaki neman man zafi.

Maƙerin unguwarmu ne ya gaya masa da kyauro ake yin jikin kibiya, wata doguwar ciyawa mai sanda da ke fitowa bakin gulbi, kuma kowane baka da irin kyauron da yake so. Baba ya dawo yana murna, ya ce ashe sana'arsa ce: kowane yadi da allurarsa, ba a ɗinka shadda da allurar buhu. Wani direba ya zo masa da dami guda daga Maradi, siriri da kakkaura a cakuɗe.

Daga ranar ɗinkin mutane ya tsaya. Ya jera tubali biyu a tsakar gida, ya riƙa gitta kyauro a kansu, ya rataya babban almakashinsa a tsakiya, ni kuma ina durƙushe da metir ina auna yadda kowane ya lanƙwashe. Wanda ya sunkuya sosai ya ɗaure shi da jan zare. Wanda ya ƙi sunkuyawa, baƙin zare. Na tsaka-tsaki, kore. Duk damin nan kore ɗaya tak aka samu. Masu kayan biki suna sallama a zaure, Inna tana ce musu Malam yana cikin wani babban aiki, ta kau da kai don kar su ga fuskarta.

Aka cika tsohon buhu da ƙaiƙayi aka rataye a katangar gabas. Baba ya fuskance shi ya harba ja. Ta tashi tana kaɗa gindi kamar tarwaɗa, ta karkata kudu, ta huda kwandon tankaɗen Inna. Ya harba baƙa, ta yi arewa, akuyarmu ta tsinke igiya. Ya sake, ya sake, kullum haka: mai laushi kudu, mai tauri arewa. Daga ƙarshe ya ɗauko koren nan. Ita kam ta tafi sak, ta shafi saman buhu, ta ƙetare katanga, har yau ba mu sake ganinta ba.

Inna ta ce ai sai ya nemo wasu korayen, tunda su ne daidai da bakan. Baba ya ce ba sai an wahalar da direba ba. Wanda ya san inda kibiyarsa ke kaucewa ya gama sanin harbi, sauran kawai mutanen gida su san inda za su tsaya.

A gidanmu ba a cewa dama da hagu. A lakwal, wato makarantar boko, na koyi wannan, da faransanci. A gida kuwa, matsar da tukunya gabas, tsintsiya tana arewa da randa, ko ƙuda ne a fuskarka sai a ce yana kuncinka na yamma. Shi ya sa da Baba ya kafa doka, da yaren gida ya kafa ta: ja kudu take zuwa, baƙa arewa. In ya ce “Ja!” kowa ya gudu arewa. In ya ce “Baƙi!” kowa ya yi kudu. Har gwaji ya riƙa yi mana ba zato. Inna tana gudu da ludayi a hannu tana cewa ita da tela aka ɗaura mata aure. Akuya ma ta koya, ta fi mu duka sauri.

Ranar da abin ya faru ina wanke-wanke, Inna tana madafa. Shirwa ba ta yi shawaginta na kullum ba, ta zo ta sauka kan bishiyar dogon yaro da ke yamma da gidanmu, ta zuba wa akurki ido. Na ji keken ɗinki ya tsaya. Baba ya fito ba takalmi, ya juya yamma, ya zaro kibiya.

“Ja!”

Na tattara 'yan tsakin cikin ƙwarya na ruga arewa kamar yadda aka koya mini. Na jingina da zanar garken akuya, ƙwarya a ƙirji, har ina jin daɗin na riga akuya. Sai na dubi Baba. Bayansa ne ke kallon buhun gwaji yanzu. Na dubi hannun da ya ja tsarkiya da shi, na ga gwiwar hannun ni take nunawa. Na gane, amma kafin in motsa ya riga ya saki.

Na ga tahowarta. Mutane suna cewa ba a ganin kibiya, ni dai na gan ta, tana rawa, jan zaren yana kaɗawa. Na ji wani abu ya fizge kaina baya. Ta shiga ta ƙullin ɗankwalina, ta tafi da ƙarshen kitso ɗaya, ta kafe ni jikin zana. Ban faɗi ba don ba halin faɗuwa. Ƙwaryar ma ban sake ta ba, sai da Inna ta zo ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Baba yana tsaye da baka a hannu.

“Amma ja kudu take zuwa,” in ji shi.

“Malam, kai ka juya. Kudu tana nan inda ka bar ta,” in ji Inna.

Ya zauna a ƙasa daɓas. Can ya taso ya shafa kaina, ya duba hannunsa ko akwai jini, ya sake shafawa. Da ya zare kibiyar daga zana sai da ya ɗan lanƙwasa ta, ya fara cewa da almakashin ya fi haka nauyi, Inna ta miƙa hannu, ya ba ta bakan bai ƙarasa ba. Duk wannan shirwa tana kan bishiya tana gyara fiffike.

Maƙwabta suka yi ta shigowa barka da arziki, kowace sai ta ce in cire ɗankwali ta ga wurin. Su dariya suke yi, ni ma ina taya su. Har yanzu in wani abu ya gifta kusa da kunnena, ko fara ce, sai na tsinci kaina a tsugune. Kwanan baya a bakin rijiya wata ta ce wa 'yar'uwarta “ja mana”, guga take nufi, ni kuwa na yar da bokiti na yi arewa da gudu.

Washegarin harbin Inna ta jiƙa shuni a tsohuwar tasa, ta tsoma 'yan tsakin ɗaya-ɗaya har wuya, ta shafe musu kai da yatsa. Ta ce haka mahaifiyarta ke yi, shirwa ba ta gane ɗan tsako in ya sake launi. Gaskiya ne, ba ta gane su ba. Uwarsu ma ba ta gane su ba, ta bi su da sara har sai da na raba. Yanzu ni suke bi duk inda na sa ƙafa, su huɗu, shuɗaye, har ƙofar makewayi suna jirana. Shirwa takan zo da hantsi ta yi zagaye biyu a samanmu, ta leƙo, ta wuce gidan maƙwabta.